Ranar Da Na Amsa Cewa Ni Ne Mai Gida

Assalamu alaikum Edita, da duk mai karanta wannan shafi.

Shekara huɗu da suka wuce ni mai sayar da albasa ne a kasuwa, ina da shekara arba'in da 'yan kai, da mata da 'ya'ya biyar, kuma ban iya karanta ko harafi ɗaya na boko ba. Na yi allo ina yaro, ina iya bin ajami a hankali, amma in takardar hukuma ta zo hannuna sai dai in juya ta in nemi wanda zai gaya mini abin da ke ciki. An san ni da haƙuri. Ba na gardama a layi, ba na yawan tambaya, abin da aka ce in yi shi nake yi. Ina ɗaukar wannan halin abin yabo ne, har ranar da abin da zan ba ku labari ya same ni.

Muna zaune a bakin gari, can gefen Sakkwato inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. Gidan ba nawa ba ne, na wata tsohuwa ne da kowa ke kira Inna. Mijinta ne ya gina shi da laka kafin ya rasu. Ita tana ɗakin ƙurya, mu muna haya a ɗakuna biyu na gaba. Shekara tara muna tare ba ta taɓa kirana da sunana ba, kullum sai dai ɗana. In ta dama fura sai ta ajiye mini tawa a ƙwarya ta rufe da faifai. Ta sha gaya mini cewa a wannan ɗakin aka kawo ta amarya, kuma daga cikinsa take fatan a fitar da ita.

A ƙarshen rani ne, lokacin da manoma ke tara kara da ciyawa suna ƙonawa don sharar gona. Bayan azahar iska ta juya, wutar ta ƙwace daga wata gona ta bi busasshiyar ciyawa ta kama dangar gidajen farko. Ina kasuwa aka kira ni. Kafin in iso, layinmu duka hayaƙi ne, mata na ihu suna kiran sunayen 'ya'yansu, awaki na gudu da igiya a wuya. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. Amma rufin gidanmu ya tafi gaba ɗaya, azara ta ƙone ta zube, bango ne kawai ya rage a tsaye, baƙi ƙirin. Inna ta shaƙi hayaƙi sosai, sai ɗiyarta ta zo ta tafi da ita gidanta a Ƙofar Marke. Mu kuma wana ya ba mu ɗaki ɗaya a gidansa da ke Gidan Dare.

Bayan kwana uku aka ce kwamitin tallafi zai zo ya rubuta sunaye. Muka yi layi cikin rana tun hantsi. Ma'aikacin da ke rubutu ya gaji, gumi na zuba a kan takardunsa, ba ya ma ɗaga kai. Da aka zo kaina ya tambayi sunana da inda gidan yake, sannan ya tambaye ni ko ni ne mai gida. Matata na tsaye a bayana da goyo. To in ba ni ba wa ne? Ita kanta haka take kirana, yaran unguwa in sun zo sallama haka suke tambaya. Na ce ni ne. Ya ja biro, ya miƙo mini tawada na dangwala yatsa, ya ba ni koren kati da kwafin takardar. Na lura maƙwabcina, wanda shi ma ɗan haya ne, fari aka ba shi, amma ban tambaya ba. Na ce a raina wataƙila koren ne ya zo hannu.

Sati biyu bayan nan aka kira mu rabo. Masu farin kati aka ba su shinkafa da tabarmi da barguna da ɗan abin kama haya. Da na miƙa nawa sai aka nuna mini wani gefe, aka fara sauke mini bandir-bandir na kwanon rufi da katako da buhunan siminti. Maƙwabcin nan nawa, mutum ne mai ba'a, ya dafa kafaɗata yana dariya, ya ce wuta ta cinye wa kowa gida amma ni ta haifa mini, ya ce daga yau sai ya riƙa cire takalmi in zai gaishe ni. A nan ne na farga. Na gane abin da ma'aikacin yake nufi ran nan: wanda ya mallaki gidan, ba mijin matar da ke ciki ba. Na buɗe baki zan yi magana ke nan sai wani babba a cikin 'yan kwamitin ya ɗauki lasifika, ya ce duk wanda aka kama ya ba da bayanin ƙarya za a miƙa shi ga 'yan sanda, kuma za a karanta sunansa a rediyo. Na dubi babban yatsana. Na rufe bakina, na nemo amalanke aka kwashe kayan.

Kuskuren farko ban san na yi shi ba. Wannan na biyun kuwa da sanina na yi, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Na kai kayan bayan gidan wana, na lulluɓe su da tsofaffin tabarmi da buhunan albasa. Ban sayar da ko ƙusa ɗaya ba, Allah shaida ne, kuma ban taɓa niyyar ci ba. Tsoro ne kawai ya riƙe ni. In mota ta tsaya a ƙofar gida sai in shige ɗaki. In na hango ɗan sanda a kasuwa sai in sunkuya kamar ina tsintar ruɓaɓɓiyar albasa. Na daina zama inda ake sauraron rediyo, don ina ganin kowane lokaci za a ambaci sunana da na mahaifina, 'ya'yana su ji a makaranta. Abinci ya daina shiga. Matata ta ce mu je mu faɗa wa mai unguwa, na ce mata yatsana ne a takardar, wa zai yarda cewa ban san abin da na dangwala ba? Kullum sai in ce gobe, in ƙura ta lafa.

Ranar wata Juma'a na je gaishe da Inna a Ƙofar Marke. Na same ta a kan tabarma tana tari, amma da fara'arta. Ta ce in zauna ta ba ni labarin abin dariya. Wai ɗiyarta ta je ofishin tallafi neman kason gidan, aka duba littafi aka ce mata ai mai gidan ya riga ya karɓa. Ɗiyar ta ce musu mai gidan shekararsa goma sha ɗaya a ƙasa, suka ce su dai abin da ke rubuce ke nan, ta matsa a ba na bayanta wuri. Inna ta kama haɓa, ta ce ashe Malam ya taso daga makwancinsa ya zo ya karɓi kwano, bai ko biyo ya gaishe ta ba, halinsa na rowa yana nan. Kowa a tsakar gidan ya yi dariya. Ni ma na yi. Ta miƙo mini fura na ce ina azumi. Ban taɓa yi mata ƙarya ba sai ranar. Da zan tafi ta ce in riƙa leƙa mata gidan, tunda bangon yana da ƙwari, rufi kawai yake jira kafin ruwa ya sauka.

Daga ranar tsorona ya zama biyu. Ina tsoron hukuma, ina kuma tsoron sama. Kowace yamma sai in tsaya ina duban gabas. Manoma na roƙon ruwa, ni kuwa, Allah ya gafarta mini, ina fatan ya ƙara jinkiri. Wata la'asar hadari ya haɗo baƙi, aka yi ruwan farko kamar da bakin ƙwarya, washegari aka sake. Da gari ya waye na tafi bakin gari a ƙafa. Bangon laka da wuta ta gasa, ba rufi a kansa, ruwa ya shiga ta sama ya jiƙa shi har gindi. Ɗakin Inna ya zauna ƙasa gaba ɗaya. Ƙofarsa ta ƙarfe ce kawai a tsaye, ba komai a bayanta. Na daɗe a wurin. Kwanon da zai hana wannan yana can ƙarƙashin buhunan albasa.

Daga nan ban koma gida ba, Ƙofar Marke na wuce. Na durƙusa a gaban Inna na faɗi komai, tun daga layi har zuwa abin da na gani da safen nan. Ɗiyarta ta tashi da faɗa, ta kira ni maci amana, Inna ta ɗaga mata hannu. Ba ta zage ni ba. Ta tambaye ni kwana nawa kayan suka yi a wurina. Na ce talatin da huɗu. Ta ce magini kwana uku zai yi ya rufe gidan. Ta ce ta yafe mini, in tashi, ƙasa da sanyi.

Washegari mai unguwa ya raka mu ofishin. Na yi sallama da matata kamar wanda ba zai dawo ba, har na saka riga biyu saboda sanyin ɗakin tsaro. Ma'aikacin ya saurare mu, ya buɗe littafi, ya ja layi ɗaya a kan sunana ya rubuta na Inna. Ya ce ni ne na kusan goma da wannan kalmar ta ruɗa, da na dawo tun ranar da tuni an gyara. Ba ɗan sanda, ba rediyo. Abin da na yi wata guda ina mutuwa a kansa bai kai tsawon sallar raka'a biyu ba. Kayan kuma da aka kai, rabin simintin ya sha danshi ya daskare, kwanon kuwa babu bangon da za a ɗora shi. Na yi ta zuwa ina kwaɓa laka da hannuna duk ranar da ba kasuwa, amma gini a cikin damina ba ya sauri. Inna ta rasu a gidan ɗiyarta kafin a kai ga rufi.

Bayan rasuwarta na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan la'asar. Ba ni da saurin ɗauka, amma ban fasa zuwa ba. Ranar da na fara haɗa baƙi, na ciro kwafin takardar nan daga cikin leda. A ƙasan Turancin akwai Hausa da ƙananan baƙaƙe. Na bi da yatsa, wannan yatsan dai, na karanta: mai mallakar gida. Tun ranar layi amsar tana aljihuna.

Wannan wasiƙa da hannuna na rubuta ta, malaminmu ya gyara mini inda na karkace. Ina roƙon duk wanda masifa ta kai shi layin tallafi, kada ya dangwala yatsa sai an karanta masa, kuma in an yi masa tambaya ya tambayi abin da ake nufi ko da na bayansa za su yi tsaki. Masu rubuta sunaye su ma su daure su faɗi kalma cikakkiya, don mutumin da gidansa ya ƙone jiya ba ya cikin hayyacinsa. Wanda kuma ya riga ya yi kuskure, ya koma ya faɗa a ranar. Ni na ɗauka haƙuri nake yi, ashe ɓuya nake yi, kuma wata ce ta biya.

Inna ta yafe mini, na ji da kunnena. Amma daga ranar da na durƙusa a gabanta har ta koma ga Allah ba ta sake ce mini ɗana ba. Duk lokacin da na yi sallama sai ta gyara zama, ta ce a shimfiɗa tabarma, ga mai gida ya zo.