Akwatin Da Muke Sharewa Mu Biyu

Ranar Litinin ni ke share akwatin, ranar Alhamis shi. Haka muka raba aikin tun muna shago ɗaya a saman kasuwar Terminus, kuma rabon bai canza ba har bayan da aka rasa shagon da kasuwar baki ɗaya.

Maƙwabcina ne a Nasarawa Gwom, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Kirista ne, ɗan asalin ƙasar nan, ni kuwa haƙar kuza ce ta kawo kakana Jos. Shi ya yi karatun kwamfuta a jami'a can Naraguta. Ni ban wuce sakandare ba, amma Allah ya hore mini baki, kuma ban taɓa barin sa ya yi tsatsa ba. Shi kuwa sai ka gaji da surutu kafin ya ce maka uhum. Injiniya nake ce masa, in yana son tsokanata ya ce mini oga. Innata ta fi son sa a kaina, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, domin in ta yi dambu nasa ake fara zubawa.

Shi ya rubuta abin da yanzu ake kira manhaja, mu a lokacin furogiram muke cewa. Aikinta ta tattara makin ɗalibai, ta jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, ta fitar wa kowane yaro takardar sakamako, maimakon malami ya kwana yana goge-goge. Ni ke yawo da ita makarantu a kan faifai. Hedimastoci su yaba, su sa albarka, su ce in dawo bayan hutu. Da na gaji da cinye takalmi na ce masa mutanen garin nan ba su san abin kirki ba, sai ya ce to mu kai ta duniya.

Ga yadda abin yake. Akwai mutane, yawancinsu a ƙasashen Turawa, masu fitar da ƙananan mujallu ta imel, kowa da masu karanta tasa. Sai suka haɗa kai kamar 'yan adashi. Ka ba su tallarka sau ɗaya, ta riƙa zagawa, wannan mako a mujallar wannan, wani mako a ta wancan. Wani ɗan'uwansa da ke waje ya biya mana da katinsa na banki, tunda mu ba mu da shi. Sharaɗin kuwa, dole ka karɓi mujallun nan dukansu a akwatinka na imel, kuma ranar da akwatin ya cika har saƙo ya koma wa mai shi, an cire tallarka daga layi ke nan. Akwatin wancan zamani kuwa ɗan mitsitsi ne, bai da wuyar cika.

Kai, na ga shirme a akwatin nan! Yadda za ka yi arziki kana kwance a gado, yadda ake gasa kek, maganin ƙiba, har da wata baiwar Allah da ba ta da zance sai na kyanwowinta. Ka biya kuɗin awa a shagon intanet, ka zauna shafi yana buɗewa kamar mai ciwon ƙafa, duk don ka share labarin kyanwa. Amma kafin ka share dole ka buɗe ka duba ko tallarmu na ciki. Muka yi wata ƙa'ida tsakaninmu: wanda ya fara cin karo da tallarmu ba zai share mujallar ba, zai bar wa ɗan'uwansa ya gani, na biyun ne zai share.

Da Turanci aka rubuta tallar, 'yan layuka ne kawai, kuma sai da muka yi rigima a kan layin ƙarshe. Ni na so a ce babban kamfani ne mai rassa. Ya ƙi. Ya rubuta cewa mu biyu ne a shago ɗaya, duk wanda ya rubuto ɗayanmu zai amsa masa. Na ce wannan ai tallar talauci ce. Ya ce gaskiya ce dai.

Amsoshi sun zo jefi-jefi. Wani ya ga sunan ƙasarmu ya rubuto yana ce mana 'yan damfara, na zauna zan mayar masa da abin da zai hana shi barci, Injiniya ya janye hannuna daga kan madannai. Wata shugabar makaranta daga gabashin Afirka kuwa ta gwada ta saya. Ranar sai da na zagaya layinmu na kasuwa kaf ina ba da labari, har wanda bai tambaya ba.

Sai rikici ya zo. Ba zan ba da labarinsa ba, duk wanda ya zauna Jos yana da nasa. Abin da ya shafe ni shi ne, da ƙura ta lafa gidan da ke bayan katangarmu babu kowa a ciki. Sun kwashe zuwa Tudun Wada, shi da matarsa da tsohuwarsa. Duk da haka muna haɗuwa a shago, mu yi aiki, mu yi ta kewaye zancen da ba ma son taɓawa. Ba a daɗe ba kasuwa ta ƙone. Na tsaya a bakin titi da safe ina kallon hayaƙi na fita ta inda tagarmu take. Kwamfutarsa ta tsira don a gida ta kwana, amma wurin haɗuwarmu ya tafi.

Wayar hannu a lokacin sai masu hali. Akwatin nan kaɗai ya rage mana, tunda mu biyu muka san kalmar buɗe shi. Mukan bar wa juna 'yan saƙonni a ciki. Nawa dogaye, nasa layi ɗaya. Da na ce zan zo in ga sabon gida, ya rubuto cewa kada in zo tukuna, samarin unguwar suna tare hanya suna tambayar baƙo, kuma ya san bakina, ba zan iya yin shiru ba. Na ji haushi, amma ban musa ba.

Daga nan sai saƙonninsa suka ɗauke. Sharewa dai ba ta tsaya ba. Duk Litinin in na buɗe sai in tarar an share na Alhamis tsaf, wani lokaci kuma an bar mini mujalla ɗaya a sama, in buɗe in ga tallarmu a tsakiyar labarin kek, tana gaya wa duniya mu biyu ne a shago ɗaya. Shagon kuwa ya riga ya zama toka. In ni na bar masa, in dawo in tarar ya share. Amma magana, ko harafi.

Na rubuta masa lallashi, na rubuta masa tsiya. Na ce masa kurma, na ce ko an hana shi gaisawa da Hausawa ne, na ce in ya gaji da ni ya fito fili ya faɗa. In dawo in tarar an buɗe saƙon, an karanta, an bar shi a wurinsa. Abin ya ci mini rai ƙwarai, amma can ƙasan zuciyata wani abu nake nema duk Litinin, wato in ga hannunsa ya taɓa akwatin. Muddin ana sharewa, yana raye. Inna takan tare ni tun daga zaure ta ce yaya ɗanta, in ce mata ya share. Ba ta san mene ne akwatin ba, ba ta taɓa ganin kwamfuta a kunne ba, amma sai ta ce alhamdu lillahi ta koma kan aikinta.

Haka damina ta wuce, wata ta zo. Wata Litinin ana ruwa da ƙanƙara na shiga shagon intanet a jiƙe, na buɗe, na ga akwatin ya kusa cika maƙil. Mujallar da na bar masa tana nan, an tula wasu a kanta, babu wadda aka taɓa. Na ce wataƙila wuta ce babu a wajensu. Na share nasa da nawa, na bar mai tallar. Na dawo ranar Juma'a, abin da ban saba ba, na tarar da ita yadda na bar ta. Mako na gaba ma haka.

Na gaya wa Inna zan je. Ba ta hana ni ba. Ta ƙulla masa yaji da daddawa a leda, ta ce in kama bakina don Allah.

Da rana tsaka na hau acaɓa. Babu wanda ya tare ni, babu wanda ya ko dube ni, mata na ta sayar da dankalin Turawa da kabeji a bakin hanya. Ban san gidan ba, amma ya taɓa gaya mini shagon intanet ɗin da yake zuwa yana kusa da wani tankin ruwa. Na same shi. Na kwatanta wa mai shagon mutumin, dogo, mai tabarau, marar magana, mai zuwa duk Alhamis. Ya yi ɗan tunani ya ce mai zuwa duk Alhamis dai mace ce, ba ta daɗewa, ta buɗe ta share ta tashi. Ya nuna mini gida mai jar ƙofa a gangare.

Matarsa ce ta buɗe. Ta rame, an ɗaure kayan ɗakin a buhuna an jingine. Da ta gan ni ba ta yi mamaki ba, ta ce in shigo, ta ba ni kujera, ta kawo ruwa. Na duba ɗakin ina neman takalminsa a bakin ƙofa. Kwamfutarsa na kan tebur an rufe ta da zane.

Na ce, "Madam, ina Injiniya?"

Ta ce, "Oga, ya rasu tun bara, kafin ruwan farko."

Ciwo ne, ba hannun mutum ba. Hanta ce ta kumbura, aka yi ta asibiti har abin ya gagara. Ta ce da ya ga jikin ba na tashi ba ne, sai ya sa ta raka shi shagon, yana dafe da kafaɗarta, ya koya mata yadda ake buɗewa, da yadda ake gane tallarmu, da wadda ake sharewa da wadda ake bari. Ita da ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Na tambaye ta don me ba a gaya mini ba, domin ni a lokacin haushi na fara ji, an binne abokina ina can ina share labarin kyanwa.

Ta ce, "Ya ce in akwatin ya cika za ka sani, in ka sani kuma za ka taho ko ana wuta a hanya. Ya ce in ci gaba har gari ya kwanta."

Can na tuna saƙonnina, na kurma da sauransu, na tambaye ta ko ta gani. Ta ce duka ta karanta, wani ya sa ta kuka, wani ya ba ta dariya, don tana jin muryata a ciki kamar ina bayan katanga. Ta ce sau da yawa ta ɗora hannu za ta amsa.

"Sharewa zan iya," in ji ta, "amma ba zan iya yin magana da bakinsa ba."

Yanzu za ta koma ƙauyensu, ga hanya kuma ta yi lafiya, shi ya sa ta bar akwatin ya cika don in zo. Na miƙa mata ƙullin Inna, ta buɗe ta shinshina daddawar, sai a lokacin ta fashe da kuka. Ta kai ni inda aka sa shi, a bayan unguwa, cikin duwatsu. Ciyawa ta riga ta rufe wurin. Na tsaya ban san me ake yi ba a irin nasu, na dai cire hulata na riƙe a hannu.

Da na dawo Inna na zaure tana jira. Ta dubi fuskata. Ta juya ta shiga ɗaki, ranar ba a ɗora tukunya a gidanmu ba.

Litinin ta zagayo, ƙafata ta kai ni shagon intanet ba tare da na yi shawara da ita ba. Na buɗe, na fara sharewa, ta arziki, ta ƙiba, ta kek. Na iso kan wadda na bar masa tun kafin ranar ƙanƙara. Na buɗe ta, ga layinsa nan da muka yi rigima a kai, mu biyu ne, ɗayanmu zai amsa. Ni na fara ganin ta, ba ni ke da sharewa ba. Na bar ta na tashi.

Bayan wannan wasu sun zo da tallar a ciki, kowace ni ke fara gani, kowace in bar ta. A hankali suka cinye wurin, har akwatin ya cika da su kaɗai, saƙo ya fara komawa, aka cire mu daga layi. Na san haka za a yi, ina kallo aka yi, kuma ko ɗaya ban share ba.