Nas Ɗin Wasa, Ƙwarƙwatar Gaske

Duk wanda ya shiga unguwarmu Moss Side a Manchester ya tambayi Safara'u mai kitso, ko yaron da bai jin Hausa zai nuna masa ƙofar gidanta. 'Yar Mubi ce, siririya, ga saurin magana kamar ana binta da gudu. Mijinta ya zo karatu jami'a, ita kuma ta zauna da kawunan 'ya'yanmu. Ni dai hannunta kaɗai na yarda ya taɓa kan Su'ad ɗina, don gashin yarinyar nan, tubarkalla, har gadon baya, kuma renonsa muke kamar jinjiri.

Makon bikin ƙanwata Radiyya, da za a yi a Birmingham, abin ya faru. Su'ad aka zaɓa ta riƙe wa amarya bakin mayafi yayin shiga zaure, kullum tana gwada tafiyar a falo har ta ishe mu.

A makon ne kuma ajinsu suka yi wasan tarihi. Yara suka yi shigar 'yan makarantar da aka kwashe daga birane zuwa ƙauyuka lokacin yaƙin duniya na biyu, kowa da ɗan kwali mai sunansa rataye a wuya. Malamarsu ta ce a wancan zamanin nas kan duba kawunan yara saboda ƙwarƙwata, tana neman uwa ɗaya ta fito a nas ɗin. Safara'u, da yake ɗanta yana ajin ƙasa, ta yi caraf ta karɓa. Murna kamar an ba ta kujerar Makka.

An gaya mata ta ɗan shafa kan kowa ta ce ya wuce. Ina! Mai kitso ta san shafa? Sai ga baiwar Allah ta zaro tsinken kitso daga aljihun farar riga, ta shiga tsaga gashi tana leƙa bayan kunne da ƙeya. Layi ya ƙi motsi, iyaye muna ta dariya, malama na cewa ba ta taɓa samun nas mai kama da gaske haka ba. Kowane yaro ta gama da shi sai ta dafa kafaɗarsa ta ce lafiya lau. Su'ad ma haka ta ce mata.

Sai da aka tashi ta ja ni bayan katanga.

"Maman Su'ad, akwai baƙi a kan 'yarki. Har da ƙwai."

Ashe yara uku ta kama, ta raɗa wa malama ita kaɗai, ba wanda ya ji.

Na biya kemis na sayo magani da siririn matajin nan na ƙwarƙwata. Mataji ya shiga gashin Su'ad ya ce bai san zancen ba, haƙoransa biyu suka karye. Babanta Musbahu kuwa bai yi wata-wata ba ya ɗauko injin aski, wai a garinsu ba a san wani magani ba sai tal-kwabo, gashi ai yana sake fitowa. Na ce ya sake fitowa kafin Asabar, ranar biki? Muka kaure da cacar baki, Su'ad ta shige banɗaki ta kulle tana rusa kuka da Turancinta na Manchester, wai ta fasa zuwa bikin.

Muna cikin haka Safara'u ta yi sallama, ko farar rigar ba ta cire ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta miƙa hannu ta ɗauke injin daga kan tebur ta jefa a jakarta.

"Baban Su'ad, ka yi haƙuri. Ba a gabana ba."

Mutumin da ni na kasa tanƙwarawa, sai ga shi ya sa hula ya fita.

Ta lallaso yarinyar, ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta a bakin taga. Ta tsefe kan, ta shafe shi da maganin, bayan an wanke ta lafta masa man kwakwa. Sai ta riƙa tsaga shi siri-siri, tana zare ƙwan da farce ɗaya bayan ɗaya, kana jin ƙas idan ta murƙushe. Washegari ma bayan makaranta haka.

A nan Su'ad ta tambaye ta, me ya sa ta ce mata lafiya lau alhali ta gani. Safara'u ba ta ɗago kai ba ta ba ta labari. Tana 'yar sha huɗu aka tashe su daga makarantar kwana saboda rikici, aka kwashe su a babbar mota zuwa Yola, suna kwana a aji kai da kai. Wata safiya aka jera su a fili ana duba kawuna. Duk wadda aka kama, nan take ake aske ta da reza, sauran suna kallo. Ita ma an kama ta. Ba a daɗe ba aka yi bikin yayarta a gidan kawunsu, ta wuni a bayan ƙofar kicin, ko a hoto ɗaya babu ita.

Ni da nake riƙe da kwanon mai, sai da na juya baya na share ido.

Ranar Asabar a unguwar Balsall Heath ta Birmingham, kai, zo ka ga Su'ad! Shukun da Safara'u ta yi mata ya zauna ɗas, tana tafe bayan amarya tana taku ɗai-ɗai, ni kuwa guɗa nake har muryata ta dishe. Musbahu sai washe baki yake kamar shi ya yi kitson.

Da aka zo hoton dangi, mai hoto ya gama jera mu sai Su'ad ta fice a guje. Can ƙarshen zaure ta nufa, inda Safara'u ke zaune da farantin shinkafa. Ta kamo hannunta ta ja, Safara'u na cewa ita ba dangi ba ce, yarinya ta ƙi saki. Amarya ta matsa ta ba ta wuri a gefenta.

Sau uku mai hoto yana sake ɗauka, don Safara'u ta kasa daina kuka.