Ɗanlami da Baturen da Ya Hana Mu Ruwa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar taubashina Ɗanlami, kuma har yau in na bi ta garin Sterling a nan Amurka sai na ji kamar in karya kan mota in shiga layinsu in tsokane shi. Mahaifiyarsa ƙanwar mahaifina ce, don haka tun muna yara a Zariya kowa ke da damar faɗa wa ɗan'uwansa abin da ya ga dama. Mutuwa ba ta ƙwace mini wannan dama ba. In masu karatu sun ji wannan waiwaye ya fi kama da tsiya, su yi haƙuri, haka muka saba da shi.

Karatun tarihi ya kawo Ɗanlami Amurka. Duk faɗin tarihin duniya bai ga wanda zai yi bincike a kansa ba sai wani Baturen Ingila na ƙarni na sha takwas, wanda aikinsa biyan sojoji albashi. Sunan mutumin bai taɓa zama a bakinmu ba, Baturen Ɗanlami kawai muke ce masa. Akwai hotonsa a falo, da farar hular gashi mai nannaɗe da kumatu jajir. Lokacin da surukar Ɗanlami ta zo daga gida wankan jego, sai da ta yi kwanaki tana zaton tsohuwa ce.

Labarinsa kuwa mun haddace shi ba don muna so ba. A zamanin, in an ba mai wannan muƙami albashin sojoji, a hannunsa yake zama, ya yi ta juya shi yana cin riba har ranar da ya ga ya kamata ya biya, kuma doka ba ta hana ba. Da Baturen ya yi ƙiba ya gina gida, sai ya ga abin da ya rage masa kujerar majalisa. Ya samu wani ɗan gari mai masu zaɓe kaɗan, ya yi ta dura musu nama da giya har suka zaɓe shi, ya je ya zauna yana yi wa jama'a dokar tsimi. Littafin da Ɗanlami ya ce zai rubuta bai taɓa ƙarewa ba, domin hidimar iyali ta mai da shi direban ɗaukar fasinja a filin jirgin Dulles. Sai ya zama mu ne littafin. A wurin suna sai ya kawo Bature, a ɗaurin aure ya kawo shi, na tabbata akwai fasinjojin da suka sauka daga motarsa sun san tarihin Ingila fiye da adireshin masaukinsu.

To, ana haka sai 'yar ƙungiyarmu ta 'yan Arewa ta naɗa shi ma'aji. Ya riƙe amana shekaru ba wanda ya taɓa jin ƙus. Da shugabanmu ya tashi komawa gida, dattawa suka matsa masa ya tsaya takara. Ya daɗe yana son kujerar a ransa, don yana da burin buɗe wa yaranmu ajin Hausa na ranar Asabar, tunda yawancinsu ka yi musu Hausa su mayar maka da Turanci. Amma ranar da ya amsa, ya kira ni a waya.

"Bawana, ka lura da abin da ke faruwa kuwa? Ma'aji zai zama ɗan siyasa. Sak hanyar Bature ce na hau."

Na ce masa Bature da sojojin sarki ya yi hulɗa, shi kuwa da mu, waɗanda kuɗin wata ma sai an bi mu da waya. Bai saurare ni ba. Ya yanke hukunci cewa daga ranar har a yi zaɓe, duk mai ƙuri'a da ya shiga gidansa ba zai ci ba, ba zai sha ba, ko da ruwa ne. A wurinsa ciyar da mai zaɓe sayen ƙuri'a ne, kuma da shi Baturensa ya lalace.

Wanda bai san gidan Ɗanlami ba ba zai gane girman wannan hauka ba. Gida ne da ba a sauke tukunya. Ɗalibin da ya sauka daga jirgi bai san kowa ba, can ake kai shi. Matarsa Hajiya Binta kuwa, dambun namanta har Baltimore an san shi. Yanzu sai ga mutane suna zuwa gaisuwa, a zauna a yi ta hira baki na bushewa, ƙanshi na fitowa daga kicin, mai gida na kallon silin. Abokin takararsa, wani injiniya daga Gaithersburg, kowace Lahadi masa da miyar taushe yake shimfiɗawa, kuma babu wanda ya ce masa Bature.

Abin ya kai maƙura ranar da Alhaji Sabo, dattijon da duk muke kira Baba, ya taso daga Mitchellville cikin zafin Yuli, ya sha cunkoson babban titi, don ya sa masa albarka. Ina wurin. Baba ya zauna yana share gumi da hula, ya yi gyaran murya, ya sake yi. Ɗanlami ya duƙa har ƙasa ya gaishe shi, ya kuma soma yi masa bayanin yadda ake zaɓe a Ingila ta da. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To madalla. Shi wannan Bature, ko ruwan ma shi ya shanye?" Ya yi addu'a ya tashi.

Ranar zaɓe Ɗanlami ya lashe. Ya miƙe a zauren da muka yi haya, ya ce yau an tabbatar wa duniya ana iya cin zaɓe ba tare da an ba kowa ko loma ba. Sai na ga jama'a kowa yana duban takalminsa. Baba Sabo, da ba ya iya ɓoye alheri, ya ɗaga hannu zai rufe taro da addu'a, ya ce Allah ya saka wa Hajiya Binta da Aljanna saboda dambun da ta riƙa sa musu a but ɗin mota. Ashe duk wanda mijin ya sallama da yunwa ta ƙofar gaba, ita ta tare shi ta ƙofar gareji. Zauren ya ce amin da ƙarfi, ban da mutum ɗaya.

Ɗanlami ya ce bai karɓi kujerar ba, sai an sake zaɓe. Aka ba shi baki, Baba ya ce shekara da shekaru suna cin abincin gidan nan tun ba ya neman komai a wurinsu. Ya ƙi. A zagaye na biyu makullin gareji a aljihunsa yake kwana, Hajiya ta yi fushin da sai da muka shiga tsakani. Mutane kuma suka gaji da rigimarsa, suka ba injiniya. Ajin Hausar da yake mafarki bai buɗu ba, har yau kuwa ba a buɗe ba, kuma wannan yana ci mini rai.

Nakan tambayi kaina me zai ce in ya ga yadda muke zaɓe yanzu. Ɗan takara ba ya ma gayyatarka gida, sai dai a aiko maka da shinkafa a roba har bakin ƙofa, saƙon waya ya biyo baya. A can ƙasarmu kuwa abin ya wuce shinkafa. Na san da zai nuna hoton nan ya ce Bature bai mutu ba, ƙasa ya sauya. A lokacin na ce masa wauta ya yi, kuma ban janye ba. Amma na tsufa ina ganin masu wayo, ban sake ganin wanda ya mayar da kujerar da aka riga aka ba shi saboda dambun da ba shi ya raba ba. Wannan shi ne abin da ya rage mana nasa, ya fi littafin da bai gama ba.

Da yammacin ranar da ya faɗi zaɓen, ya roƙi kowa ya biyo shi gida, masu zaɓensa da waɗanda suka ƙi shi. Muka tarar ya riga mu isa, yana tsaye a bakin ƙofa da jug ɗin ruwa a hannu, fuskarsa wasai kamar shi ya ci. Baba Sabo ne ya fara shigowa. Ɗanlami ya durƙusa ya cika kofi, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, ku yafe mini. Wallahi tun ranar da kuka fita gidan nan da ƙishirwa, ruwa bai sake yi mini daɗi ba."

Baba ya shanye, ya miƙo kofin a ƙara masa. Allah ya jiƙan Ɗanlami, ya shayar da shi a inda ba a ƙishirwa.