Damin Zakkar Malam Dabo

Malam Dabo manomi ne a wani ƙauye kusa da Dawakin Tofa. Shekara hamsin bai taɓa zuba hatsi a rumbu ba sai ya ware dami ɗaya cikin goma ya ba mabuƙata. Da tsufa ya taɓa masa hankali, ya manta hanyar gonarsa, ya manta sunayen 'ya'yansa, har matarsa Kulu yakan gaishe ta kamar baƙuwa. Salla da zakka ne kaɗai suka ƙi barinsa. Sai dai zakkar, in ya fitar yau, gobe ya manta.

A shekara ta biyu ta fari, abin da ya rage a rumbunsu damin gero ɗaya ne tak, shi ne kuma irin shuka. Kowane hantsi Malam sai ya jawo shi ya ce haƙƙin Allah ne. Sau ɗaya Kulu ta tare shi. Ya zauna a ƙasa yana kuka, wai so take ya shiga wuta. Daga ranar ba ta sake ba.

Sai ta haɗa baki da maƙwabciyarsu Kaltume, wadda mijinta ya tafi cirani ya bar ta da yara huɗu. Kullum Malam ya kai mata damin, ta yi godiya, da ya juya baya ta miƙo wa Kulu ta kan danga. Damin nan ya yi zakka ya fi sau arba'in. Da yana da baki, da ya ce ya gaji.

Ranar da hadari ya fara haɗuwa a gabas, Malam ya kai damin kamar kullum. Kulu ta tsaya bakin danga. Shiru. Ta yi gyaran murya, ta kira Kaltume a hankali, ba amsa. Kwana biyu ke nan autan Kaltume ya daina kukan yunwa, Kulu kuwa uwa ce, ta san abin da wannan shirun yake nufi. Tsoro ya kama ta.

Can sai ta ji taɓarya ta sauka a turmin Kaltume. Ana sussuka.

Ta kama danga za ta tsallaka, ta daɗe a haka, sannan ta saki.

Malam yana gindin darbejiya da carbinsa. Ya ɗago ya dube ta.

"Baiwar Allah, na fitar da zakka kuwa?"

"Ka fitar, Malam," in ji Kulu. "Yau kam ka fitar."