Ranar da Na Wanke Ƙasar Umma

Wata Juma'a ce a tsakiyar zafi, shekarar da na gama aji uku na firamare, na hau rufin benenmu a Hayyin Ashir, unguwarmu a ƙasar Masar, riƙe da jarkar ruwa. Abba yana masallaci, Umma tana ƙasa tana tuƙa tuwo. A can sama, tsakanin tankin ruwa da ɗakin tantabarun maƙwabcinmu, ta jera gwangwanaye shida da ta shuka yakuwa a ciki. Irin na ƙarshe ne da kakata ta ƙullo mata daga Gembu kafin ta rasu. Masarawa zoɓo suka sani, ba sa miya da ganyen, don haka ko ka zagaye kasuwa ba za ka samu ba.

Ban ruwa aikina ne, kuma abu ɗaya ya hana ni sakat. Fari tas nake zuba ruwan, amma sai ya ɗigo ta gindin gwangwani ja kamar shayi. Na sha ganin Umma tana binne ɓawon albasa da kashin tantabara a ciki, sai na yanke hukuncin cewa ƙasar ce ta yi datti. Ranar na ɗaura aniyar wanke ta. Hawa biyar nake hawa ina sauka, jarka bayan jarka, har ruwan gwangwani biyar ya fito garau. Na shida yana bayan tanki, gajiya ta hana ni kai masa.

Da Umma ta hau, ta damƙi ƙasar ta shinshina. "Ba datti kika wanke ba, Hindatu, abincinsu kika zubar," in ji ta. Ta ce a Gembu haka ruwan farko yake gangarowa daga tsauni, ɗauke da ruɓaɓɓen ganye. Ba ta dake ni ba, kuma hakan ya fi yi mini ciwo. Cikin mako biyu biyar suka yi rawaya suka mutu.

Yau sana'ata ke nan: ina zaune gaban kwamfuta ina lissafa yadda wannan jan ruwa ke ratsa ƙasar tsaunuka har ya kai rafi. Na san sunayensa da Turanci da Larabci, sai dai babu Umma da zan faɗa wa. Yakuwar da ke barandata a unguwar Hadayek el-Maadi jikar gwangwani na shida ce. Idan ruwanta ya ɗigo ja, nakan tara shi a kofi in mayar mata.