Kwana Taran Fidelina

Ranar Talata, 11 ga Maris, da hantsi, Yesenia ta kira ni ta ce mahaifiyarta, Fidelina Menjívar, ta cika a asibiti a nan Los Angeles. Shekararta saba'in da takwas.

Fidelina, comadre, haka nake kiranki tun ranar da kika riƙe ɗana a wurin baftisma. Tare muka gudo daga garinmu Chalatenango lokacin yaƙi, ke da goyo, ni da kumburarriyar ƙafa. Da muka iso, ke kika samo mini aikin goge-goge, kika koya mini hawa bas, kina yi mini faɗa don na ƙi koyon Turanci, alhali naki ma bai wuce na sayen tumatir ba.

Duk ɗan garinmu da ya mutu a ƙasar nan, ke kike ja masa addu'ar kwana tara. Ki shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ki kunna kyandir, ki ajiye kofin ruwa saboda mamacin, ki ɗauki carbi ki ja, mu amsa. Ko wanda ba kwa ga maciji da shi ba ki taɓa rage masa kwana ɗaya ba. Kin ce wanda ya mutu a baƙon wuri ya fi kowa buƙatar rakiya.

Da aka binne ki na tambayi Yesenia a gidan wa za a yi taki addu'ar. Ta riƙe hannuna ta ce, "Haba Inna Chayo, wa ke da kwana tara a ƙasar nan? Aiki fa muke yi. Mun kama zaure ranar Asabar, za a ci abinci a nuna hotunanta." Na je. An yi kuka na gaske, ban ce ba sa son ki ba. Amma da Turanci jikokinki suka yabe ki, ko rabi ban ji ba, na dawo gida da haushi.

Shi ya sa na shimfiɗa ƙyallen a ɗakina. Yau kwana shida ke nan. Shekara arba'in ina amsa miki, ashe ban taɓa riƙe ɓangaren mai ja ba. In fara, in kakare, in koma baya. Inda na iya kuwa nakan ja in saurara, in ji shiru, sai in amsa wa kaina. Kewarki ta ishe ni, comadre.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya ba ki hutawa. Ya ba Yesenia da ƙanenta Wilfredo da 'ya'yansu haƙurin rashinki. Ya karɓi wannan guntuwar addu'a tawa kamar cikakkiya. Saura kwana uku, kuma ƙofata a buɗe take kullum da ƙarfe huɗu, ko da mutum ɗaya ne zai zo ya ce amin.