Ganyen Darbejiya a Jikin Mota

Ni dai a shekarun nan na mulkin soja ban san wani bankin ƙasar waje ba, ban kuma nemi sani ba. Ina koyarwa a firamare a Beli, abin da na sani shi ne sabulun wanki ya koma sai an yanka shi da reza, taki kuma sai wanda ya san wani. Malam, mijina, shi ne mai bin labarai. Manomi ne na dawa da gyaɗa, amma in ya rungume rediyonsa a gindin ɗorawar ƙofar gida, sai ka ce shi za a tambaya yadda za a yi da ƙasar. Ya sha yi mini bayani cewa masu ba gwamnati rance ne suka ce a tsuke bakin aljihu. Ni kuwa in ce masa, "Malam, aljihun wa? Namu ai tun tuni a ɗinke yake." Sai ya yi dariya ya ce bakina ne zai kai ni kurkuku.

Yana da ƙaba, ya daɗe da ita. Kullum sai ya ce bari kaka ta yi a je a yi aiki, kaka ta zo ta wuce, kayan aikin asibiti sun ƙara tsada. Na yi faɗa har na gaji.

A farkon damina ne, ruwa ya sauka, ya tafi gona huɗa. Hantsi bai gama ɗagawa ba aka kawo shi a kan amalanke, ya dunƙule, yana amai, gumi kamar an watsa masa ruwa. Ƙabar ta fito ta ƙi komawa. Na aika aka kira ƙaninsa, direba ne, yana da tsohuwar akori-kura da yake dakon rake da hatsi. Tsakanina da shi wasa ne na matar wa da ƙanin miji, kullum "matarmu" yake ce mini, ni kuma ina zagin motarsa. Ran nan ko gaisawa ba mu yi ba. Muka shimfiɗa katifa a baya, na hau na ɗora kan Malam a cinyata.

Mun tsaya a wani ƙaramin ɗakin shan magani a hanya. Ma'aikacin, bawan Allah, ya taɓa cikin, fuskarsa ta canza. Ya buɗe mini kabad ɗinsa don in gani da idona, babu komai sai auduga da kwalabe wayam. Ya ce hanji ne ya shaƙe, aikin tiyata ne, kuma yau ɗin nan, mu wuce Kano kada mu tsaya ko'ina. Da muka zo Karaye shan mai, mai sayarwa ya ce wa direba, "Birni fa ba lafiya, ɗalibai sun fito." Direba ya waiwayo ya dube ni. Na ce masa, "Kallon me kake yi? Ja mota."

Tun kafin mu kai Kabuga muka hango hayaƙi. Tayoyi ne ke ci a tsakiyar titi, ga samari da 'yan mata sun cika hanya, suna riƙe da kwalaye, suna waƙa, kowa da reshen ganye a hannu. Suka kewaye mu suna dukan jikin mota. Wallahi raina ya ɓaci, na miƙe daga zaune na fara zazzaga musu. Na ce iyayenku sun sayar da awaki sun turo ku karatu, kun zo kuna tare hanyar marasa lafiya. Wata yarinya mai tabarau ta leƙo bayan motar, ta ga Malam, nan take ta ɗaga hannu ta tsawatar wa 'yan uwanta.

Ta ce, "Baba, ki yi haƙuri. Saboda irin wannan muka fito. Da akwai magani a garinku ai da ba ki zo nan ba."

Na koma na zauna, na mayar da kan Malam cinyata.

Ta ce a gaba akwai wasu taron, kuma duk motar da ba ta da ganye ba sa barinta ta wuce, ganyen ne alamar kana tare da su. Kafin mu ce wani abu sun karyo rassan darbejiya sun soke a gilashi, a madubi, a ƙarfen baya, ko'ina. Wasu samari suka ɗare gefen motar don su riƙa buɗe mana hanya. Direba har godiya ya yi musu. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba.

Malam ya buɗe ido ya tambaye ni hayaniyar mece ce. Na ce yaran rediyonka ne. Ya ce, "Allah ya yi musu albarka," ya sake rufe ido. Taro bayan taro, da sun ga ganye sai su dare, mu wuce. Har na fara cewa a raina mun tsira.

Muna shan wata kwana sai ga masu kaki sun yi sahu sun tare titi, da hulunan kwano da kulake. Abin da suka gani shi ne mota ta sha ganye, samari a maƙale a jikinta, tana tahowa da gudu. Ba su tambayi komai ba. Wani abu ya faɗo kusa da taya yana huci, samarin suka dire suka watse, hayaƙi ya rufe mu. Ranar na fara sanin barkonon tsohuwa. Idona kamar an zuba masa yaji, maƙogwaro ya shaƙe. Na cire mayafina na rufa wa Malam a fuska, yana tari, kowane tari kuma sai ya dafe ciki ya yi nishi.

Suka fizgo direba daga mota, suka kwantar da shi a kan kwalta tare da waɗanda suka kama, suka zare makullin. Yana cewa "Yayana ne ba lafiya," suna amsa masa da kulki. Na yi Hausa, na yi ɗan Turancin da nake koyarwa, na yi roƙo, na yi zagi. Ɗaya ya nuna ganyen da bakin kulkinsa ya ce duk wanda ya sa wannan ya san abin da yake yi. Na ce ya taka ya leƙa bayan mota kawai. Ya ce sai babbansu ya zo.

Aka kira azahar muna nan. Rana ta dake mu, ba ruwa. Malam ya daina amai, ya daina nishi, cikinsa ya kumbura ya yi tauri, ni kuma sakarya na ɗauka sauƙi ne ya samu. Ina yi masa fifita da gefen zanina ina ce masa saura kaɗan. La'asar ta yi, ta wuce. Sai can babban nasu ya iso, wani dattijo mai furfura, ya leƙa sau ɗaya ya ce a ba mu makulli. Ya ce mini, "Sannu, Hajiya." Na tsani wannan sannun har yau.

Direba ya ja motar da hannu ɗaya, ɗayan ya kumbura. Muka isa asibiti rana ta yi ja. Aka ɗora Malam a kan gadon turawa, wani matashin likita, shi ma da ganinsa a gajiye yake, ya danna cikin, ya duba idonsa, ya girgiza kai. Bai ko dube ni ba ya ce, "Ku mutanen ƙauye, me ya sa ba ku kawo mara lafiya sai ya gama lalacewa?"

Na ce, "Likita, tun hantsi muka fito."

Bai ji ni ba, ya riga ya juya yana kiran a shirya ɗakin tiyata. Ina riƙe da ƙafar Malam ana tura gadon, na ji ta yi sanyi a hannuna. Ba mu kai ƙofar ɗakin ba mai turawar ya tsaya.